Nazarin Lamari: Ƙungiyar 'Yan Lambu a Ojo da Yadda Ta Girma a Ƙasar Aro

Asali: kafin 2016

Duk wanda ya biyo hanyar Badagry daga Mile 2 a Legas, ya wuce barikin sojoji na Ojo ya nufi Iyana-Iba, zai riƙa hango komaye na ganye shar a bayan katangu, a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da bakin fadamun da gini bai cim musu ba tukuna. Da yawa daga masu wannan noma 'yan Arewa ne. Wasu 'yan ci-rani ne, su sauko bayan kaka su koma gida da faɗuwar damina. Wasu kuwa sun zauna daram, sun yi iyali, 'ya'yansu na jin Yarbanci kamar a bakinsu aka yanke shi. Wannan nazari ya bi sawun ƙungiya ɗaya ce daga cikinsu, wadda ba za a ambaci sunanta ko na mambobinta ba.

Abin da suke nomawa ganye ne mai saurin isa: latas, albasa mai lawashi, alayyafo, lalo wanda Yarbawa ke kira ewedu, da ɗan ugu. Latas na yin mako 3 zuwa 4 a wurin reno, sannan wajen mako 4 zuwa 5 bayan dashe. Alayyafo bai cika wuce wata guda ba. Ruwa a yankin ba shi da nisa, rijiyar da ba ta fi gaba biyu ba tana iya ɗaukar lambu. Taki kuwa kashin kaji ne da ake sayowa buhu-buhu daga gidajen kaji.

Ba su taɓa iya yin gogayya da kabeji, karas da tumatirin da manyan motoci ke saukewa a kasuwar Mile 12 daga Jos, Kano da Zariya ba. Ƙarfinsu a ganye yake, domin latas ɗin da ya kwana a mota daga Filato ba zai yi kama da wanda aka tumɓuke da asuba a bayan gari ba.

Matsaloli biyu ne suka dabaibaye su. Na farko, ƙasar ba tasu ba ce. Wani fili na hukuma ne, wani na dangin masu ƙasa ne da ke karɓar kuɗin shekara ba tare da rubutu ba, wani kuma na mai kuɗi ne da ya saya ya ajiye, yana son a riƙa share masa shi kafin ya tashi gini. Na biyu, kasuwa. Da ruwa ya ɗauke a Nuwamba kowa sai ya zuba irin latas a mako guda, saboda lokacin ne ya fi yin kyau, sai kuma duk ya isa a mako guda. Matan da ke zuwa sari tun duhun asuba sun san haka sarai. Su taya komi a tsaye, manomi ya ce albarka, su matsa komi na gaba. Latas kuwa ba ya jira: in ya ƙara kwanaki sai ya miƙe ya yi ɗaci, in an tumɓuke shi kafin azahar ya yanƙwane. Ƙarshenta a sallama a yadda suka taya, sau da yawa ma bashi, sai sun sayar su kawo.

Abin da ya haɗa su a lokacin adashi ne kawai na ranar Juma'a, a hannun wani dattijo da ya riga kowa zuwa wurin, wanda suke kira Baba.

2016: daga adashi zuwa rajista

A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a yankin Mile 12, gwamnatin jiha ta rufe kasuwar na tsawon makonni. Masu dafa abinci da ƙananan 'yan kasuwa da suka saba sayen ganye a can sai suka fara neman lambun kansa. Wani ya zo yana son kwando goma na latas kullum, a rasa manomi ɗaya da zai iya ɗaukar alkawarin. In uku suka haɗu suka cika na yau, gobe ɗaya ya sayar wa wani. Da aka buɗe kasuwar, masu sayen suka koma inda suka fito.

Wannan ne ya sa matasan cikinsu suka matsa wa Baba a mayar da adashin ƙungiyar gama kai mai rajista. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta ƙasa ta 1993 ta tanadi cewa mutum 10 na iya kafa irin wannan ƙungiya, kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan jarinsa, kuma a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ribar shekara a asusun ajiya. A Legas sashen kula da ƙungiyoyin gama kai na gwamnatin jiha ne ke yin rajistar da duba littattafai. Mutum 20 da 'yan kai ne suka sa hannu, wasu da biro wasu da dangwale. Aka bar wa Baba shugabanci, aka zaɓi ma'aji, aka ba wani mai takardar sakandare sakatare, aikin sa kai, ba albashi. Aka buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku.

Tsarin mulkin da aka miƙa wa hukuma da Turanci yake, kwafin wanda wata ƙungiya ta yi amfani da shi. Mafi yawan mambobi ba su taɓa jin abin da ke ciki ba.

2017 zuwa 2018: sayen taki, yarjejeniyar farashi, da rijiyar burtsatse

Abu uku aka gwada a wannan tsakani.

Sayen kaya a dunƙule ya karɓu nan take. Maimakon kowa ya ɗauko buhu biyu ko uku na kashin kaji a bayan babur, sai ƙungiya ta riƙa sayen mota guda, a sauke a raba. Haka irin latas na gwangwani da maganin feshi. Kuɗin dako ya ragu, kuma an daina sayo jabun iri a hannun 'yan talla. Babu wanda ya yi gardama a kan wannan, domin kowa na ganin ribarsa a ranar da aka sauke kaya.

Yarjejeniyar farashi kuwa ba ta yi mako biyu ba. An zauna bayan sallar Juma'a an yanke cewa kada wanda ya sayar da komin latas ƙasa da kaza, an sa tara ga wanda ya saɓa, an shafa fatiha. Matan sari suka zo suka ji farashi, suka juya. Kwana na uku latas ɗin wasu ya fara miƙewa. Wani an kira shi daga gida mahaifiyarsa na asibiti, wani mai gidan haya ya sa shi gaba. Aka fara sayarwa da daddare, a ce kyauta aka bai wa wani. Da aka zo cin tara sai aka tarar waɗanda suka saɓa sun fi waɗanda suka tsaya yawa, har da ma'aji. Maganar ta mutu ba tare da an sake tayar da ita ba.

Na uku shi ne rijiyar burtsatse. An tara kuɗin mambobi da na ajiya aka haƙa rijiya, aka gina mazaunin tanki da bulo, aka binne bututu zuwa komaye, duk a babban filin da kusan rabin mambobi ke nomawa. Rani ɗaya aka ci moriyarta. Wata safiya aka wayi gari da tifar yashi da 'yan awo: dangin masu filin sun sayar. An ba su lokacin da za su kwashe abin da ya isa, shi ke nan. Babu takardar haya, balle maganar diyya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma mai takarda ita hukuma ke saurara, ba mai shuka a kan aro ba. Tanki da injin kawai aka iya cirewa. Ramin, da ginin, da bututun da ke ƙasa, sabon mai fili ya gaje su. Mambobin da abin ya shafa suka warwatsu a ƙananan filaye uku, mafi nisa a wajen Okokomaiko.

2019 zuwa Mayun 2020: otal-otal da mota

Duk da asarar rijiya, mambobi sun ƙaru, kuma matasa na ganin lokaci ya yi da za a tsallake matan sari gaba ɗaya. Lissafinsu a fili yake: kan latas ɗaya da ake sayarwa a babban kanti a Ikeja ko Victoria Island ya ninka abin da manomi ke samu sau da yawa. Sakatare ya yi ta yawo da samfuri har ya samo otal biyu da wani gidan abinci da suka yarda a riƙa kai musu kaya sau uku a mako.

Kai kaya na buƙatar mota. Kuɗin asusu bai kai ba, sai aka ci bashi a wani ƙaramin banki, da kuɗin ruwa na wata-wata, aka sayi tsohuwar a-kori-kura. A nan ƙungiya ta fara tsagewa. Wasu dattawa suka ce ba za su sa hannu a riba ba, suka karɓi jarinsu suka fita. Baba ya zauna, amma ya ƙi sa hannu a takardar, sai mataimakinsa ne ya sa.

Farashin otal ya yi kyau a takarda. Sharaɗin biya kuwa kwana 30 ne bayan kai kaya, wanda a aikace yakan zarce. Manomin da ya saba karɓar kuɗinsa a hannu ya sayi abinci, ya aika gida, yanzu an ce ya jira wata. Mai karɓar kaya a otal kan zaɓe masu kyau ya dawo da saura, ya ce ganyen ya huje ko kan ya yi ƙanana, kuma wanda aka dawo da shi da rana tsaka ba ya sayuwa ko'ina. Ga hanya. A shekarun nan aikin faɗaɗa titin Badagry na tafiyar hawainiya, tankoki da tireloli masu jiran shiga tashar Apapa sun toshe Mile 2. Motar da ta tashi kafin asuba wani lokaci sai hantsi ta isa wurin otal-otal ɗin, ta dawo wayam, bayan an sallami 'yan karɓar haraji na hanya. Sau uku a mako take aiki, amma direba, gyara da bashin banki kullum suke ci.

Wani abin da ba a lissafa ba: matan sari sun lura an fara zaɓe kaya mai kyau ana kai wa wasu, ana bar musu ragowa. Suka rage zuwa.

A daren 30 ga Maris 2020 dokar kulle ta korona ta fara aiki a Legas da Abuja. Otal-otal suka rufe da kuɗin ƙungiya na fiye da wata biyu a hannunsu. An sassauta dokar ranar 4 ga Mayu, amma baƙi ba su dawo ba, banki kuma bai daina ƙirga kwana ba. Aka sayar da motar ƙasa da yadda aka saye ta, aka cika da kuɗin ajiya aka biya bashi. Mambobin da suka ba da kaya ba a biya su ba suka taso ma sakatare. A taron da aka yi bayan ƙaramar sallah, fiye da rabin waɗanda suka zo jarinsu suka zo nema, asusu kuwa babu abin da zai maida musu.

Ƙarshen 2020 zuwa 2021: gyara daga wurin iri

Wanda ya hana a watse wani mamba ne da ya taɓa yin yaron shago a Kantin Kwari. Ya nemi a ba shi littafin sakatare da tarin rasit, ya zauna ya rarraba masu saye gida biyu: waɗanda suka biya da waɗanda ba su biya ba. Abin da ya fito ya ba mutane kunya. Matan kasuwar Iyana-Iba, Alaba Suru da Agboju, waɗanda aka yi ta neman hanyar tsere musu, su ne ba su taɓa riƙe kuɗi fiye da kwana biyu ko uku ba. Ko a cikin kulle, a ranakun da aka bar kasuwannin abinci su ci, sun zo. Kuma abin da suka fi ɗauka ba latas ba ne. Ewedu ne da alayyafo da ugu, ganyen miyar da gidajen Yarbawa da Ibo ke ci kullum, rani da damina.

Aka tura Baba da mutum biyu wurin shugabar matan, wadda suke kira Iya. Ba farashi aka fara tattaunawa ba. Tambayarta aka yi: ɗauri nawa na kowane ganye matanta ke iya sayarwa a mako, kuma a wane wata ne suke rasa kaya? Daga amsarta aka gina jadawalin shuka.

Ga yadda aka tsara. Aka raba mambobi rukuni huɗu. Aka yi wurin reno guda na ƙungiya, aka hana kowa renon latas nasa. Kowane rukuni na da makon da zai karɓi dashe, ta yadda kowane mako rukuni ɗaya ne latas ɗinsa ke isa. Sauran komayen mutum kuwa a zuba musu ganyen miya gwargwadon abin da matan suka ce suna iya ɗauka. A Yuni da Yuli, lokacin da ruwan Legas ke sauka kamar da bakin ƙwarya, komayen kwari na nutsewa kuma latas na ruɓewa, sai a bar shi ga masu tudu kaɗai, a ɗaga komaye, sauran su koma ugu da ewedu. In ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta a sake zuba iri.

Rigimar da ta taso ita ce wa zai samu makonni masu tsoka: na Kirsimeti da sabuwar shekara, da na azumi, lokacin da kowa ke neman latas na buɗa-baki. Ƙuri'a aka jefa a shekarar farko, daga nan aka riƙa juyawa. Wanda ya yi reno a ɓoye ba a cin sa tara, domin an ga inda tara ta kai su. Sunansa kawai ake cirewa daga rabon taki mai sauƙi da jerin masu saye na zagaye ɗaya. Mutum biyu aka yi wa haka, ba a sake na uku ba.

Aka kuma sauya hanyar kuɗi. Mai saye ba ta biyan manomi, magatakardan ƙungiya take biya. Shi kuma ya biya manomi a ranar ko washegari daga wani ɗan asusun juyi, bayan ya cire wa ƙungiya naira 5 a kowace 100. Aka sa wa magatakardan albashi, aka ce ya bar noma ya riƙe littafi. Duk Juma'a yana karanta shiga da fita da babbar murya, da Hausa, kuma an rubuta dokokin ƙungiya a takarda ɗaya, boko a gaba ajami a baya. Rarar ƙarshen shekara, bayan an cire na ajiya, ana raba ta ne bisa yawan kayan da mutum ya sayar ta hannun ƙungiya, ba bisa yawan jarinsa ba. Bashin mambobin da otal suka riƙe wa kuɗi daga wannan la'ada aka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan.

Gwajin tsarin ya zo da wuri. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu daga 25 ga watan, kusan mako guda. Farashin kayan miya ya yi tashin gwauron zabi a Legas. Baƙin masu saye suka cika lambu suna taya ninki. A taron gaggawa ra'ayi ya rabu uku: masu cewa a sayar wa mai tsada, masu cewa a riƙe kaya don nuna goyon baya ga 'yan uwa, da masu cewa a cika wa matan alkawari. Baba ya tuna musu cewa su a tsakiyar mutanen nan suke kwana, kuma ganye ba shanu ba ne da za a mayar garke. Aka ba matan kasonsu a farashin da aka saba, abin da ya yi saura aka sayar wa baƙi da tsada. Wasu matasa sun yi ta gunaguni har wata ya ƙare. Amma tun daga lokacin, in kaya ya yi yawa a Janairu, matan Iya na ɗaukar kasonsu ba tare da karya farashi ba.

2022 zuwa 2023: sababbin mambobi, ƙarancin kuɗi, tsadar mai

Ranar 1 ga Yunin 2022 haramcin acaɓa ya fara aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa. Matasa da dama da aka ƙwace wa babura suka gangaro lambu wurin 'yan garinsu. A da, da murna za a rubuta su, tunda kowane sabon mamba kuɗin shiga ne. Wannan karon magatakarda ya kawo lissafi: masu saye ba su ƙaru ba, don haka duk komin da aka ƙara farashin kowa zai taɓa. Aka yi mataki biyu. Sabon zuwa zai yi shekara yana aiki a ƙarƙashin wani mamba, yawanci a komayen 'yan ci-rani da suka tafi noman damina, a raba amfani. Ba ya zama cikakken mamba sai an samu sabon mai saye ko wani ya bar gurbi. Wannan ya warware tsohuwar matsalar komayen da ke zama kango daga Mayu zuwa Oktoba, ko da yake waɗanda aka ce su jira ba su ji daɗi ba, wasunsu ma sun kafa tasu ƙungiyar.

A farkon 2023 canjin takardun naira ya jefa kasuwanni cikin ƙarancin tsabar kuɗi. Wa'adin tsofaffin kuɗi ya tashi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, sai 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu. A makonnin nan manoman da ke cin gashin kansu, musamman marasa asusu, sun ga tasku: mai saye na da kuɗi a waya, mai kaya ba shi da inda za a tura masa. Ita ƙungiya asusu ɗaya gare ta da kowa ya sani, matan suka riƙa turawa can. Magatakarda ya yi yarjejeniya da wani mai shagon hatsi a unguwa, mamba ya ɗauki shinkafa da gari a rubuta, ƙungiya ta tura wa mai shago.

Sai 29 ga Mayu, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 a Legas cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. A Yuni aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, farashin irin gwangwani da ake shigowa da shi ma ya tashi. An mayar da wasu injinan ban-ruwa masu amfani da gas ɗin girki, kamar yadda manoman rani suka yi a Arewa. An sayi ƙananan famfuna biyu masu aiki da hasken rana, irin waɗanda mutum biyu za su ɗauka, ana zagayawa da su tsakanin filaye bisa jadawali. Ba a ci bashi mai kuɗin ruwa ba: dillalin famfunan ya faɗi farashinsa da ribarsa a dunƙule, aka biya shi kashi-kashi. Wannan ya dawo da biyu daga dattawan da suka fita a 2019. Irin alayyafo da na ewedu kuwa aka daina saye, aka ware komaye ana barin su su yi 'ya'ya.

2024 zuwa yau

Ƙungiya ta koma sayar wa otal, amma ta hannun wani ɗan kwangila mai motarsa, wanda ke zuwa lambu ya zaɓa a gabansu ya biya cikin mako. Farashinsa bai kai na otal ba. An kuma rubuta doka cewa duk mai sayen da ba ya biya nan take ba za a ba shi fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kayan mako ba. Ɗan kwangilar ne ya kawo sharaɗin da ya zama dokar kowa: ba a ban-ruwa da ruwan kwata, kuma ba a yankan ganye sai an cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani bayan feshi. Wannan doka ta makara, tun farko ya kamata a ce da ita aka fara.

Ɗaya daga filaye ukun nan ya sake tafiya, an yi gidaje a wurin. Wannan karon abin da aka rasa shuka ce ta zagaye ɗaya. Famfo, tiyo, ragar inuwar reno da littafi duk a mota ɗaya aka kwashe su zuwa wani fili a kan hanyar Badagry, wanda aka karɓa haya ta shekara uku, a rubuce, da shaidu daga ɓangaren masu ƙasa da na Sarkin Hausawan yankin. Mambobi cikakku sun kusa ninka na farko. An gama biyan bashin 2020.

Abin da lamarin ya nuna

Yarjejeniyar farashi ta 2017 da jadawalin shuka na 2020 abu ɗaya suka nema, wato hana kaya yin yawa a hannun mai saye ɗaya. Bambancinsu lokacin da aka nemi mamba ya yi biyayya ne. Ta farko ta nemi ya daure a ranar da latas ɗinsa ke lalacewa kuma ana jiransa da kuɗi a gida, ranar da ya fi kowace rauni. Na biyu ya neme shi tun iri na cikin gwangwani, lokacin da jinkirin mako ɗaya ba ya cin masa komai. Mutanen ba su canza hali ba tsakanin shekarun nan. Wurin da aka ɗaura igiyar ne ya canza, kuma wurin reno guda ya sa ba sai an yi gadin kowa ba.

Rijiya da mota kuskure ne iri biyu. Rijiyar ba laifin tunani ba ce, ruwa ana buƙatarsa, amma an binne kuɗi a ƙasar da ba a da ko takardar haya a kanta. Motar kuwa an saye ta ne don kasuwar da ba a auna ba. An dubi farashi, ba a dubi ranar biya ba, ba a lissafa kayan da za a dawo da su ba, ba a kuma tambayi me motar za ta yi a sauran kwana huɗun mako ba. Korona ta gaggauta faɗuwar ne kawai. Ko ba ita, manomin da ke ci daga cinikin yau ba zai iya bai wa otal bashin wata biyu ba, alhali shi kansa bashin banki ke kansa.

A ganina matakin da ya fi kowane wuya, kuma ya fi amfani, shi ne komawa wurin matan sari. Girman kai ya so ya hana, domin an riga an ɗauke su a matsayin masu cin guminsu. Gaskiya ne suna karya farashi in sun samu dama, amma su ke da teburin kasuwa, su suka san gidan da ke dafa ewedu kullum, su ke ɗaukar asarar abin da bai sayu ba da yamma. Ƙungiyar ba ta da abin da za ta maye gurbin wannan da shi. Abin da take iya yi shi ne ta daina zuwa musu da kaya fiye da bukata, kuma da ta yi hakan ciniki ya daidaita ba tare da an yi faɗa ba.

Akwai inda tsarin ke da rauni har yanzu. Kusan komai na rataye a wuyan magatakarda ɗaya, kuma karatun Juma'a ba ya maye gurbin mai binciken littafi daga waje. Baba ya tsufa, ba a kuma taɓa yin zaɓen da aka kayar da wani ba, don haka ba a gwada ko dokokin za su tsaya ba tare da kwarjininsa ba. Taƙaita shigar mambobi ya kare farashi, amma ya haifar da kishiyar ƙungiya a gefe, wadda ba ta bin jadawalin kowa kuma matan Iya na iya juyawa gare ta duk ranar da suka so. Sabon filin ma ya fi nisa da Iyana-Iba, kuɗin mota na cin wani abu daga ribar matan, sun kuma fara cewa a rage musu. Hayar shekara uku ce, kuma maganar da ke gaban taro yanzu ita ce ko a fara tara kuɗin sayen fili na ƙungiya a can gaba wajen Badagry ko cikin Ogun, ko kuwa a ƙara wa asusun juyi ƙarfi a ci gaba da haya kusa da kasuwa. Dattawa na son fili, magatakarda da yawancin matasa na son kusa da masu saye, kuma an ɗage ƙuri'ar zuwa bayan dawowar 'yan ci-rani.